Daga Yamai Zuwa Jidda: Yadda Tafiyar Shekaru Ta Koma Awa Biyar Da Rabi

 

Ya ku 'yan'uwa, maniyyata da masu rakiyar maniyyata. Tsakanin filin jirgin sama na Diori Hamani da ke nan Yamai da filin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai kimanin kilomita 4,000, idan aka auna a miƙe. Zuwa filin Madina kuwa wajen 4,100 ne. Jirgin da ya tashi kai tsaye, yana gudun kilomita 850 ko kusa da haka a kowace awa, yakan cinye wannan nisa cikin awa biyar zuwa biyar da rabi. Ku riƙe waɗannan lambobi. Akwai hukunce-hukuncen salla da na harama da suka rataya a kansu, kuma akwai tarihin kakanninmu a ƙarƙashin kowane kilomita.

Idan sararin sama a buɗe yake, miƙaƙƙiyar hanyar tana bi ta arewa da Maraɗi da Damagaram, ta shiga Chadi ta arewacin tafki, ta ratsa hamadar Sudan, ta tsallake kogin Nilu, sannan Bahar Maliya, sai Jidda. Wajen sulusin tafiyar duk a saman Nijar ake yinsa. Ma'aikatan jirgi ba su gama raba abinci ba ka riga ka wuce ƙasar da kakanka ya yi watanni yana takawa.

Tun kafin a san sunan Yamai mutanen wannan yanki ke zuwa Makka. Mansa Musa na Mali ya je a 1324 ta hanyar Masar. Sarakunan Kanem tun ƙarni na 13 suna da masauki a Alƙahira domin ɗalibansu da alhazansu. Mafi kusa da mu shi ne Askiya Muhammadu na Songhai, wanda ya tashi daga Gawo, can sama da mu a bakin wannan kogi, a ƙarshen 1496, bai dawo ba sai 1498. Mai littafin Tarihus Sudan, Abdurrahman Sa'adi, ya ce ya tafi da mutum 1,500 da miskali 300,000 na zinariya, kuma ya sayi wuri a Madina ya yi waƙafinsa ga mutanen Takrur. Sarki ke nan mai dawaki da raƙuma da guzuri, amma sai da ya bar gadon mulkinsa kusan shekara biyu.

Talaka fa? Talaka hanyar gabas ya fi bi, musamman daga ƙarni na 19. Daga ƙasar Hausa a nufi Barno, a shiga Wadai ta Abashe, a faɗa Darfur ta Jinaina da Fashir, a wuce Kordofan ta Al'ubayyid, a tsallaka Nilu, a gangara Sawakin a bakin Bahar Maliya. Daga nan a shiga jirgin ruwa, a ƙetare teku ɗan fiye da kilomita 300 zuwa Jidda. Ayarin da ke cin kilomita 25 ko 30 a wuni, ko bai tsaya ko'ina ba, sai ya yi kusan rabin shekara. To amma wa ya isa ya ƙi tsayawa? Damina takan tare hanya. Guzuri yakan ƙare, sai mutum ya yada zango ya yi noma, ko ɗinki, ko wanzanci, ko ya buɗe makarantar allo, ya tara abin da zai kai shi zango na gaba. Da haka tafiya ke zama shekara biyu, uku, bakwai. Akan tashi da jariri a goye, a iso Makka yana kiwon awaki.

Saboda haka ban kwanan alhaji a wancan zamani kusan ban kwanan mutuwa ne. Mutum ya biya bashi, ya mayar da ajiya, ya yi wasiyya, ya bi dangi gida-gida yana neman gafara. Babin da kuka karanta a Risala kan matar wanda ya ɓace, wadda ke kai ƙara ga alƙali a sa mata wa'adin shekara huɗu sannan ta yi takaba, ga matan alhazan da ba a sake jin ɗuriyarsu ba hukunci ne mai rai. Hanyar tana da 'yan fashi, tana da ƙishirwa da annoba, kuma akwai abin da ba mu cika son faɗa ba: an sayar da 'ya'yan wasu matafiya bayi a kan hanya da can Hijaz, don ba a soke bauta a Saudiyya ba sai 1962.

Wannan ya sa manyan malamai da yawa suka rasu ba su je ba, kuma ba wanda ya zarge su, domin Allah Ya rataya wajabcin Hajji a kan iko. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna wurin malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru a Agadas. Da malamin ya ɗaura niyyar Makka, Shehu ya komo gida, saboda bai nemi izinin mahaifinsa a kan wannan tafiya ba. Har ya rasu a 1817 bai ga Ka'aba ba, duk da begen Madina da ya cika waƙoƙinsa. Alhaji Umarul Futi ya samu zuwa, yana Makka a 1828, amma tafiyar da dawowar, da zaman da ya yi a Barno da Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sun ci masa fiye da shekara goma.

Zuwan Nasara ya ƙara wa hanyar gabas mutane. Da Ingilishi suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a mai yawa ta bi shi. An kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, suka zauna a bakin Nilu kusa da Sannar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, mahajjata daga ƙasashenmu suka zama lebura a cikinsu, su yi kaka ɗaya ko biyu su tara kuɗin jirgin ruwa. Da yawa ba su ƙarasa ba, da yawa kuma sun ƙarasa ba su dawo ba. Hausawan da ke Gadarif da Kasala da Fot Sudan a yau, da waɗanda ake ce wa Takari a Makka da Madina, akasarinsu zuriyar wannan hanya ce.

Sannu a hankali ƙarfe ya fara rage tafiyar. Jirgin ƙasa ya iso Al'ubayyid wajen 1912, sai ƙarshen hanyar ya koma kwanaki. Masu hali suka gano teku: Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi Hajji a 1921 ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila. Bayan yaƙin duniya na biyu manyan motoci suka kama hanyar Yerwa zuwa Fallomi, wato Injamena ta yau, zuwa Jinaina. A Kano, a 1948, su Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da ake kira WAPA, wadda sunanta ya bi wata unguwa a Fagge har yanzu. Mutanen Damagaram da Maraɗi da Ƙonni da yawa ta Kano suke shiga wannan hanya. A cikin mota ana maganar makonni ko 'yan watanni, gwargwadon laka da lalacewar inji.

Abin mamaki, jirgin sama ma sawun alhazai ya bi ya shigo mana. Jiragen farko da suka sauka Kano, ranar 1 ga Nuwamba 1925, na sojan Ingila ne guda uku, sun taso daga Masar suka bi ta Kartum da Fashir da Fallomi da Yerwa, suna tsayawa shan mai a zangunan da ayari ke kwana. A shekarun 1930 jiragen Faransa da na Beljiyam masu zuwa Kwango suna yada zango a Yamai, wadda ta karɓi matsayin babban birni daga Damagaram a 1926. A shekarun 1950 aka fara ɗaukar alhazan yammacin Afirka ta sama da ɗan yawa, a jiragen farfela masu sauka hanya. Bayan mulkin kai, Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa Air Afrique a 1961, kamfanin da ya yi shekaru yana jigilar alhazanmu kafin ya durƙushe a 2002. Can Jidda an buɗe filin Sarki Abdul'aziz a 1981, da rumfunan alhazai masu kama da tantuna, inda duk wanda ya taɓa zuwa ya san zaman jira. A yau hukumar COHO ke tsara tafiyar tare da kamfanonin jigila, kuma dubban mutane ke tashi daga ƙasar nan cikin 'yan makonni.

Kada a ɗauka sama ba ta karɓi nata rabon ba. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya faɗi wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani ya kama wuta jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda zuwa Sakkwato, duka mutum 261 da ke ciki suka cika. Allah Ya gafarta musu. Na kawo wannan ne saboda na lura wasiyya da biyan bashi kafin tafiya sun fara zama tsohon yayi, wai ai kwana talatin ne a dawo. Awowin ma ba su da tabbas. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 aka rufe sararin samanta, jiragen alhazan yammacin Afirka suka koma yin zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin kujera ya ƙaru. Ƙasar da kakanninmu suka ratsa da ƙafa ta gagari jirgi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko wannan dogon tarihi. Tsohuwar hanya, duk da wahalarta, makaranta ce. Mutum yakan tashi daga ƙauyensu bai san farillan Hajji ba, amma kafin ya kai Sawakin ya kwana a zaurukan malamai da yawa, ya ji babin Hajji an maimaita, ya tsinci Larabcin da zai yi tambaya da shi, ya zauna da waɗanda suka je suka dawo. Jirgi ya ɗauke wahalar, ya haɗa da makarantar ya ɗauke. A yau dattijo yakan bar gonarsa ranar Litinin, ranar Laraba yana tsaye gaban Ka'aba, ilminsa na ranar Litinin ne a kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle tafiyar da hukuncinta ke zuwa cikin mintoci.

Mu fara da salla. A mazhabarmu ta Malikiyya nisan da ake ƙasaru a cikinsa buridi huɗu ne, mil 48 na da, wato kilomita 80 da 'yan kai. Ayari yakan yi kwana biyu ko uku a kansa. Jirgi yana shafe shi cikin minti shida. Hukuncin yana bin nisa, saurin abin hawa bai canza shi ba, don haka kai matafiyi ne, ƙasaru sunna ce a kanka, har sai ka isa inda ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, kamar Makka ko Madina, sai ka cika.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne lokaci. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, rana kuma tana riga faɗuwa a Jidda da kusan awa biyu da rabi. Mai tafiya gabas yana gudu ne yana tarar dare. Ɗauki misali. Jirginku ya tashi daga Yamai ƙarfe 12 na rana. Azahar ba ta yi ba tukuna, don a nan rana ba ta gushewa daga tsaka sai wajen ƙarfe 1 saura, saboda haka ba halin ka sallace ta a ƙasa. Bayan awa biyar da rabi agogon hannunka zai ce 5 da rabi na yamma, na Jidda kuwa 7 da rabi, kuma a watannin Mayu da Yuni rana tana faɗuwa a can wajen ƙarfe 7. Ka ga Azahar da La'asar duk sun shiga sun fita kana sama, ka sauka cikin Magariba. Wanda ya ce bari in sauka in yi, yana duban agogon Yamai, ya tozarta salla biyu a kan hanyarsa ta zuwa ɗakin Allah.

Mafita ita ce ka hau jirgi da alwala, ka rage shan abin da zai karya ta, ka lura da rana ta taga ko ka tambayi ma'aikata. Idan lokaci zai fita kafin sauka, ka yi salla a cikin jirgin. In akwai wurin tsayuwa kuma an yarda, ka tsaya. In babu, ka yi a zaune, kana nuni da ruku'u da sujada, sujadar ta fi ƙasa. Alƙibla a wannan tafiya da sauƙi: daga Yamai tana gabas ne da ɗan karkata arewa, wajen daraja 72 a kamfas, kusan inda hancin jirgin ya dosa. A dawowa kuwa tana bayanka. Idan kuma tashin naku bayan shigar Azahar ne, malamai da yawa sun ba da damar ka haɗa ta da La'asar a filin jirgi kafin ka hau. Tun farkon zuwan jirage malamai suka yi saɓani kan ingancin salla a sama, tunda goshi bai taɓa ƙasa ba. Daga cikin waɗanda suka rubuta risala suna inganta ta akwai Shaihu Muhammadul Amin Shinƙiɗi, mai tafsirin Adwa'ul Bayan. Shi kansa ta ƙasa ya je Hajji daga Muritaniya a 1948, ya ratso ƙasashen baƙar fata har Omdurman da Sawakin, yana amsa tambayoyin malamai a zanguna, ya kuma rubuta littafi a kan tafiyar. Ya san hanyoyin biyu. Mai Umarar azumi shi ma ya kiyaye: ba ya buɗa baki da agogon garin da ya baro ko wanda ke ƙarƙashinsa, sai ya ga rana ta faɗi daga inda yake a sama.

Sai harama, kuma nan ne kuskure ke cin kuɗi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya miƙatai: Zul Hulaifa ga mutanen Madina, Juhfa kusa da Rabig ga mutanen Sham da masu biyowa ta can, Ƙarnul Manazil ga Najadu, Yalamlam ga Yaman. Zatu Irƙin kuma na mutanen Iraƙi ne. Wanda hanyarsa ba ta bi ta kan ɗayansu ba, yana harama idan ya zo daidai da mafi kusa da shi.

Tambaya ta farko da za ka yi wa jagoranku tun kana Yamai ita ce: ina za mu fara zuwa? Idan Madina ce, ko da a Jidda jirgin zai sauke ku sannan ku hau mota, ba harama a kanka a cikin jirgi. Za ka yi ta ne a Zul Hulaifa, wurin da ake kira Abyar Ali a bakin Madina, ranar da za ku nufi Makka. Idan kuwa daga Jidda Makka za ku wuce, to maganar ta taso. Malaman fiƙihu na da sun ambaci mai zuwa daga Sawakin ta teku, suka ce yana harama a Jidda, don yana isa can kafin ya daidaita da wani miƙati. Haka kakanninmu da yawa suka yi. Wasu malaman zamani, irin su Shaihu Abdullahi bin Zaid Al Mahmud na Ƙatar da Shaihu Musɗafa Zarƙa, sun ba fasinjan jirgin sama damar harama a Jidda. Amma mafi yawan malamai, da majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, sun tafi a kan cewa mai zuwa ta sama ya yi harama idan ya daidaita da miƙati, kada ya jira sauka. Jirgi ba ya bin layin kwalekwalen Sawakin, yakan karkato ta arewa ko ta kudu gwargwadon hanyar da aka ba shi. Ni dai abin da nake gaya wa wanda ya tambaye ni: ka yi shekaru kana tara wannan kuɗi, kada ka ɗora Hajjinka a kan saɓani alhali fita daga saɓanin bai fi ƙarfinka ba.

Ka tuna jirgi yana cin kilomita 14 a minti ɗaya. Idan matuƙi ya yi sanarwa sannan ka tashi neman mayafi, ka tarar da layi a ƙofar bayi, kafin ka fito an wuce. Wanda ya wuce miƙati sannan ya yi harama, hadaya ta hau kansa, wato yanka, in bai samu ba azumin kwana goma, uku a can bakwai bayan ya dawo. Saboda haka namiji ya yi wankansa tun a gida ko a sansanin alhazai, ya ɗaura gyautonsa kafin hawa, ya riƙe mayafin a hannu. Kada ka kuskura ka sa kayan haramarka cikin babbar jakar da za a jefa ƙarƙashin jirgi. Sa tufafin kaɗai bai sa ka zama mai harama ba, niyya da talbiyya su ne harama, don haka kana iya yafa bargo ko riga saboda sanyin jirgi har lokacin ya gabato, sai ka tuɓe ɗinkakku ka yi niyya. Wani jirgin yana sanarwa da Larabci ko Turanci kaɗai, wani ba ya yi sam. In ka ji tsoron haka, ko ka san kai mai nauyin barci ne, ka yi niyyarka da an ce saura kamar rabin awa ko minti arba'in a sauka. Gabatar da harama kafin miƙati makaruhi ne a wurinmu, amma ta ƙullu, kuma ba yanka a cikinta. Mace tufafinta na sutura su ne haramarta, ta buɗe fuska da tafin hannu, kuma jinin al'ada ba ya hana ta yin niyya a miƙati, ɗawafi kaɗai za ta jinkirta.

Masu zuwa Umara ta jiragen kasuwa su ƙara kula, don su ba kai tsaye suke tafiya ba. Wanda ya bi ta Adis Ababa ta kudu zai shigo, galibi daidai da Yalamlam. Wanda ya bi ta Istambul ko Kasabalanka ta arewa zai shigo. Tafiyar awa biyar da rabi takan koma wuni da kwana saboda jira, salloli huɗu ko biyar su same ka tsakanin sama da filayen jiragen da agogonsu ya saɓa wa naka. A irin wannan tafiya ka sa kayan harama a filin ƙarshe kafin Jidda, ka kuma duba lokutan sallar garin da ka sauka da zarar ka shiga.

A dawowa lissafin juyawa yake. Jirgin da ya bar Jidda ƙarfe 12 na rana zai sauka Yamai wajen 3 da rabi na yamma a agogonmu, wuninka ya ƙaru da awa biyu da wani abu, La'asar tana jiranka a ƙasa. Ƙasaru kuwa yana ƙarewa ne idan ka iso gidajen garinku. Mutumin Yamai da ya sauka ya riga ya iso, sai ya cika sallarsa. Na Tawa ko Damagaram ko Difa, wanda ke da sauran wuni ɗaya ko biyu a mota, yana nan a matsayin matafiyi har ya hango garinsu, sai fa in ya yi niyyar kwana huɗu a Yamai wurin dangi.